Injin Huda Mai Batir da Ɗan'uwansa Imfak

 Shirinmu na yau na kafintoci ne da masu walda da masu haɗa sola da masu ɗora kwanon rufi. Na maigida ne kuma da uwargida, waɗanda ke son rataya labule ko gyara ƙofar kabad ba sai an yi kwana da kwanaki ana jiran mai gyara ba. Za mu tattauna a kan wasu ƙananan injuna biyu masu aiki da batir: injin huda, wanda a wurin aiki ake ce wa dirilin, da ɗan'uwansa da ake kira imfak.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar hannu ya san wahalar da aka sha kafin zuwansu. Rami huɗu kawai za ka huda a saman bene, amma sai an ɗauko janareto, an sayi mai, an ja waya daga tsakar gida har sama. In ba haka ba, a zauna jiran a kawo wuta. Injin huda mai batir ba sabon abu ba ne, domin tun 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da na farko, kuma shi ne ya taimaka aka ƙera injin da 'yan sama-jannatin Apollo 15 suka haƙi ƙasar wata da shi a 1971. Sai dai batiran wancan zamani nauyi gare su, ga saurin mutuwa. Abin da ya sauya lamarin shi ne batirin litiyam, irin na cikin wayarka, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Wajen 2005 kamfanoni irin su Makita da Milwaukee suka sa shi a kayan aikin masu sana'a. Yau in ka shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, za ka gan su jere, masu tsada da masu araha.

To ga inda damuwata take. Injunan nan biyu sun yi kama ƙwarai. Mariƙi iri ɗaya, kunama iri ɗaya, sau da yawa ma batir ɗaya suke amfani da shi. Wannan kamannin ne ke sa mutane suna ɗaukar ɗaya su yi aikin ɗayan, kuma yawancin ɓarnar da nake gani a gidajen jama'a, katako da ya tsage, kan sukuru da ya cinye, rufin da ke yoyo, daga nan take tasowa.

Mu fara da injin huda. A gabansa akwai coki, wato bakin nan mai haƙora uku da kake murɗawa da hannu ya buɗe ko ya tsuke. Ƙananan injuna suna riƙe bakin huda mai kaurin da ya kai milimita 10, manya kuma 13. Kunamarsa tana bin yatsarka: ka danna kaɗan ya juya a hankali, ka danna sosai ya yi gudu. A samansa akwai wani maɓalli mai lamba 1 da 2, giya ke nan. Lamba 1 gudu kaɗan ne da ƙarfi mai yawa, ta ɗaure sukuru ce da huda babban rami. Lamba 2 gudu ne mai yawa da ƙarfi kaɗan, ta ƙananan ramuka.

Amma abin da nake so ku kula da shi sosai shi ne zoben da ke bayan coki, mai lambobi daga 1 zuwa 15 ko 20 ko fiye. Mutane da yawa har injin ya tsufa a hannunsu ba su taɓa juya shi ba. Kuloci ne. Aikinsa shi ne ya hana injin wuce gona da iri. Idan ka sa shi a ƙaramar lamba, da zarar sukuru ya zauna ya fara turjiya, sai ka ji injin yana kat-kat-kat, yana juyawa a ciki amma bakin ya tsaya cak. Waɗansu suna jin ƙarar nan su ɗauka injin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ya yi abin da aka ƙera shi ya yi ne. Ɗauki misalin kafinta mai ɗaura hinjin ƙofar kabad a jikin katakon MDF, wanda garin katako ne aka matse da gam. Sukurun ɗan ƙarami ne, abin da ya riƙe shi kuma ba shi da yawa. In ka wuce da juyi ɗaya tal, zaren da ya yanka a cikin katakon ya ruguje, sukurun ya dinga juyawa a banza. Ranar za a karɓi aiki a yi maka godiya, bayan wata biyu ƙofa ta karkace. Da ka sa kuloci a lamba 4 ko 5, ka gwada a guntun katako, ka ƙara lamba ɗaya-ɗaya har kan sukurun ya yi daidai da fuskar katako, to ko sukuru ɗari za ka ɗaura duk haka za su zauna. Alamar da ke ƙarshen zoben, mai hoton bakin huda, tana kashe kulocin gaba ɗaya, don haka ta huda rami ce kawai.

Imfak kuwa ba shi da coki mai haƙora, ba shi kuma da wannan zobe. Gabansa gajere ne, da ɗan rami mai kusurwa shida da ake cusa baki a ciki ya kulle. A cikinsa akwai sifirin da wata 'yar guduma mai juyawa. Muddin sukuru yana tafiya cikin sauƙi, imfak juyawa yake kawai kamar kowane inji. Da ya ji turjiya, sai gudumar ta fara dukan sandar da ke riƙe da bakin, duka na gefe, wajen da ake juyawa, har sau dubu uku ko fiye a minti guda. Kun san yadda makaniki ke yi in noti ya ƙi kwancewa: ya sa sifana, ya ɗauki guduma ya dinga bugun ƙarshenta. To haka imfak ke yi, sai dai da saurin da hannu ba zai iya ba. Shi ya sa ƙarfin murɗawarsa ya ninka na injin huda mai girmansa sau biyu ko uku, kuma duk da haka ba ya fizgar wuyan hannunka, ba ya yawan zamewa daga kan sukuru.

Ina imfak ya dace? Dogayen sukurori a katako mai kauri, haɗa firam, ɗaure ƙarafan da ake ɗora faifan sola a kai, kwance tsohon sukuru da ya yi tsatsa, aikin da za ka wuni kana ɗaure ɗaruruwa. A nan ba shi da na biyu. Amma ku tuna ba shi da kuloci, ba ya sanin ya isa. Yatsarka ce kaɗai birkinsa.

Masu rufi, da ku nake. Sukurun kwano na zamani, wanda ke huda wa kansa hanya, yana da 'yar washa ta roba ƙarƙashin kansa. Robar nan ita ce ke tsare ruwa. In an ɗaure shi daidai, za ka ga robar ta ɗan matsu, ta leƙo kaɗan a gefen washar ƙarfe, a zagaye, sumul. In aka danne kunamar imfak har sai da ya yi ta bugu, je ka duba da kyau: robar ta baje ta fito waje kamar an murƙushe ta, wani gefen ya tsage, kwanon kuma ya lotsa ya zama ɗan gurbi kewaye da sukurun. Rana ta gasa robar da ta fito ta farfashe, ruwan farko ya taru a gurbin ya sami hanya. A lokacin rani babu wanda zai sani. Sai damina ta kankama a ga tabo a silin, mai gida ya ce kwanon ne ba shi da kyau, alhali sakan ɗaya ne aka ƙara a kan kunama. Da ka ji bugun farko ko na biyu, ɗaga yatsa ka duba.

Masu haɗa sola da masu wayarin, ina roƙonku kada ku kai imfak kan sukuran inbata ko na bireka ko kan batir. Waɗannan wurare da sukundireba ko sifana ake ɗaure su, da hannu, gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta. Imfak yana iya fasa mazaunin ko ya cinye zaren, waya ta zauna sako-sako, kuma wayar da ba ta ɗauru ba zafi take yi. Gobara da yawa daga irin wannan ƙaramin wuri take farawa.

Akwai kuma wani ruɗani. Mutum ya ji imfak yana bugu sai ya ce ai zai huda bango. Bugun imfak na gefe ne, bango kuwa bugun gaba yake so. Wanda ke huda bango shi ne injin huda mai alamar guduma a jikin zobensa. Shi ma iyakarsa bulo da filasta da jan bulo. In ka ci karo da kankaren lintal ko ginshiƙi ko dakin, aikin babban inji ne mai baki irin na SDS, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1975. Ka takura wa ƙarami a kan kankare, bakin ya yi ja ya dakushe, batir ya ƙare, ramin bai kai ko'ina ba.

Tunda mun zo bango, bari in ɗan tsaya, don nan ne aikin gida ya fi yawa. Bulonmu na inci 6 da inci 9 rami ne da shi a ciki. Kana cikin hudawa sai ka ji injin ya faɗa gaba, ka shiga kogon ke nan, don haka kada ka jingina dukan nauyinka a kansa. Fisha, robar da ake cusawa kafin sukuru, dole ta yi daidai da bakin: fisha mai lamba 6 baki mai lamba 6, mai 8 baki mai 8. Auna tsawonta a jikin bakin ka naɗa ɗan salatif a wurin, ka san inda za ka tsaya. Fitar da ƙurar ramin kafin ka cusa ta. In tayil ne, kashe guduma, manna salatif na takarda a wurin don kada bakin ya zame, ka tafi a hankali da bakin tayil har ka wuce shi, sannan ka sauya. Kuma kafin ka huda ko'ina, dubi inda soket da makunnin fitila suke. Bututun waya a cikin bango yawanci miƙe yake tafiya, sama ko ƙasa ko gefe daga gare su. Kauce wa waɗannan layuka. A banɗaki da kicin ka tuna da bututun ruwa. In kana shakka, kashe wutar gidan daga babban makunni, inbata ma a kashe ta. Ai injinka da batir yake aiki, babu abin da ka rasa.

Baki kuma kowanne da aikinsa. Na katako yana da ɗan tsini a tsakiya, na bango yana da faffaɗan kai mai tauri, na ƙarfe shi ne ake rubuta wa HSS. Ƙarfe ba ya son gudu: buga masa ɗan gurbi da fanci, sa giya ta 1, ɗiga mai, ka danna da nauyi daidai. In ka ga ɓawon ƙarfe yana fitowa a nannaɗe, kana kan hanya. In hayaƙi ka gani da baki ya yi shuɗi, ka ƙona shi. Katako mai tauri irin maɗaci, ko kusa da gefen kowane katako, fara huda siririn rami kafin sukuru, in ba haka ba ya tsage. Sannan ku dubi kan sukuru. Akwai mai gicciye zalla, bakinsa PH ne. Akwai mai gicciye da wasu 'yan layuka huɗu a tsakaninsa, bakinsa PZ ne. Sun yi kama amma ba sa zama a gurbin juna, kuma yawancin kan sukurun da ke cinyewa daga wannan musanya ne. Imfak kuma a saya masa bakin da aka yi domin shi, yawanci baƙi ne mai siririn ƙugu. Na gama-gari karyewa yake, ɓarin ya yi tsalle.

Yanzu maganar kuɗi, wato batir, domin shi ne rabin kuɗin injin, wani lokaci fiye. A cikin akwatin batir ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ba da bolt 3.6. Uku su ne 10.8, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa 12. Biyar su ne 18, wanda wasu ke rubuta wa 20, saboda abin da batirin ke nunawa ke nan lokacin da aka cire shi daga caji. Don haka 18 da 20 abu ɗaya ne, kada a karɓi ƙarin kuɗinka a kan wannan. Amma in ka ga ɗan inji an rubuta masa 88 ko 128, ka sani ƙarya ce tsagwaronta. Kafin a sami 128 sai an jera ƙwayoyi sama da 30, abin da ba zai shiga wannan ɗan akwati ba. Wanda ya yi maka ƙarya a jikin kwali, me kake tsammani ya zuba a ciki? Ɗaya lambar, mai Ah a gabanta, ita ke nuna daɗewa. Mai 2 ya fi sauƙin ɗauka, ya dace da aikin sama da kai. Mai 4 ko 5 ya fi jure dogon aiki. Ɗaga shi ka ji: batirin 18 mai 5Ah na gaskiya ya wuce rabin kilo. In ka ji shi sakayau, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Ku sani kuma yawanci batirin kamfani ɗaya ba ya shiga injin wani. Ranar da ka sayi na farko, kamar ka zaɓi gidan da za ka zauna ne, don injin yanka ko fitila ko imfak da za ka ƙara nan gaba, in na gida ɗaya ne, gangar jikin kawai za ka saya. Tambayi mai shago tun yanzu ko ana samun batir da cajar wannan samfurin daban. Za ka kuma ji ana cewa wani inji ba shi da kabon. Gaskiya ne irin waɗannan sun fi rage zafi da cin batir, kuma babu kabon da zai cinye a sauya. Ga mai aikin kullum sun cancanci ƙarin kuɗin. Ga mai aikin gida na jefi-jefi, mai kabon ma ya wadatar.

Masu sayen na hannu da aka shigo da su daga waje, juya caja ku karanta bayanta kafin ku jona. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar da Gana kusan ninkinta ce. Cajar da aka rubuta wa 120 kaɗai, kana jona ta kai tsaye ta ƙone nan take, sai da na'urar rage wuta. In da janareto za ka yi caji, bari ya tashi ya daidaita tukuna.

Babban abokin gabar litiyam shi ne zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi. Kada a bar batir a kan kwano, ko cikin mota a rufe, ko a but ɗin babur a rana. Wanda ka cire daga inji da ɗuminsa, bar shi a inuwa ya huce kafin caji. Kada a yi caji a kan katifa ko cikin garin katako, kada kuma a jona a rufe shago a tafi gida. In za a daɗe ba a yi aiki ba, a ajiye shi da kamar rabin caji. Kada a jefa shi tsirara cikin jakar ƙusoshi, ƙusa ɗaya ta haɗa bakunansa ya isa. Wanda ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a fitar da shi waje a ɗora a kan yashi nesa da abin da ke kamawa, kuma kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta. Masu kai batir a sauya masa ƙwayoyi, ku tambaya wace iri za a sa. Waɗanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta girmansu ɗaya, amma ba a yi su don jan wuta mai yawa lokaci guda ba, zafi suke yi.

Saura jikinka. Abin da ke juyawa yana naɗe duk abin da ya taɓa, don haka a naɗe hannun riga, a cire babbar riga, 'yan'uwa mata kuma a ɗaure mayafi ko hijabi ta baya sosai kafin a danna kunama. Kada ka riƙe ƙaramin ƙarfe da hannu kana huda shi, in bakin ya kama, ƙarfen zai juya ya yanke ka, sa shi a bais ko ka danne da kilam. Injin huda a giya ta 1, in baki ya maƙale, gangar jikin ce ke juyawa ta murɗe maka hannu, kuma in a kan tsani kake abin ya fi haka muni. Riƙe da hannu biyu, ka tsaya da ƙafafunka daram. Sa tabarau, musamman in sama kake hudawa. Ƙurar bulo da kankare tana taruwa a huhu ta yi illar da ba ta warkewa, sa takunkumi. Ƙarar imfak kuma ta wuce abin da kunne ke jurewa wuni guda, ji kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Iyayen gidanmu masu yara a hannu, don Allah kada ranar farko ku miƙa wa yaro imfak ku tura shi kan rufin mutane. Ba shi guntun katako da sukuru ashirin da injin huda, ya ɗaure ya kwance, ya juya kuloci daga ƙasa zuwa sama har kunnensa ya gane ƙarar, hannunsa ya gane lokacin da sukuru ya zauna. Bayan nan sai imfak, shi ma a guntun kwano a ƙasa, ya ɗaure ya kawo muku ku duba robar tare.

Wanda kuma kuɗinsa na inji ɗaya ne, shawarata ya fara da injin huda mai alamar guduma, da batir biyu, da saitin baki mai kyau. Zai huda katako da ƙarfe da bulo, zai kuma ɗaure sukuru ba tare da ya ɓata ba. Mai aikin gida ko mai haɗa kabad, na bolt 12 ya ishe shi, ga shi mara nauyi yana shiga lungu. Mai rufi da mai sola su nemi na 18, in aiki ya buɗe su ƙara imfak na gida ɗaya.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.